Fitilar da Buhun Dawa ke Kunnawa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da fiziks a wata sakandare a Zuru kafin ilimin ya yi wa gidanmu wani amfani. Nakan shiga aji in zana dutse a kan tudu, in ce wa ɗalibai dutsen nan da ke zaune shiru yana da ƙarfi a ajiye, ranar da ya gangaro zai fito da shi. Su rubuta, su ci jarrabawa ko su faɗi, mu tashi. Ban taɓa zaton wata rana zan tsaya a tsakar ɗakin mahaifina ina kare shi da wannan darasi ba.

Baba tsohon soja ne, manomi ne kuma tun kafin soja da bayan soja. Mu Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, kuma a unguwarmu da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da hoton wani cikin kaki a bango ba. Bayan rasuwar mahaifiyarmu ya ci gaba da zama shi kaɗai a gidansa na Rikoto, ɗaki biyu da rumbu da bishiyar mangwaro. Gidan mijina bai fi tafiyar minti goma a babur ba, don haka kullum na taso daga makaranta sai na biya, in kai masa tuwo, in share, mu yi ɗan faɗanmu na kullum, in wuce. Yayana, wanda ya gaji kakin, yana wani bariki a Kudu. Sau biyu a shekara muke ganinsa.

Abu ɗaya ne Baba ba ya fashinsa. Da rana ta faɗi, in ya ci tuwo ya wanke hannu, sai ya jawo Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda a bariki ya koyi karanta shi, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layi ya yi ta karatu a fili kamar yana ba wa ƙananan sojoji umarni. Wutar lantarki a unguwarsu baƙuwa ce, in ta zo ma ba ta zama a gaisa. Da aci-bal-bal yake karatun, gwangwanin madara da lagwani da kananzir, a ajiye dab da hancinsa. Bangon wajen ya yi baƙi ƙirin. Da tari ya kama shi ya ƙi saki, na kai shi asibiti da ƙyar, likita ya saurari ƙirjinsa ya ce hayaƙi ya ishe shi haka, daga yau ko na sauro kada a kunna masa a ɗaki.

Yayana da ya ji labari ya aiko da fitilar sola. Ba zan yi wa sola ƙazafi ba, ta fi abin da na ƙera daga baya haske nesa ba kusa ba. Ta farko batirinta ya mutu kafin ta shekara. Ta biyu an bar farantinta a kan rumbu yana shan rana, wani mai dogon hannu ya ga ya fi mu bukata. Sai aka koma mai caji, ita kuma sai an kai ta shago, Baba kuwa gara ya zauna cikin duhu da ya aiki ɗan maƙwabta da fitila yana cewa don Allah. Wata rana na iso da wuri na tarar da gwangwanin madaran nan a bayan akwati, lagwaninsa da ɗanyen mai. Na ɗaga shi sama ina kallon Baba, shi kuma yana kallon mangwaro ta taga.

Daga nan yayana ya fara maganar da ya daɗe yana juyawa a ciki. A waya ya faɗa mini. Ya ce tsoho ba shi da lafiya, ba shi da wuta, garin ma ba kwanciyar hankali a kewayensa, shi yana da ɗaki a bariki, akwai lantarki, akwai asibiti a ƙofar gida, in ya zo bikin Ista zai tafi da shi. Ba shawara ya kira ni mu yi ba, sanar da ni ya yi. Na san ba mugunta ba ce, son ubansa yake yi. Amma na ga ɗakin nan, hawa na biyu ne, ba ƙasar da za ka soka ko tsinken kuɓewa, ba mai jin yarenmu sai shi yayan, shi ma da asuba yake fita. Kabarin mahaifiyarmu kuma yana nan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni ce mai shiga ɗakin kullum. Na tabbata in aka kai Baba can ba zai shekara ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni mai kai tuwo ba a tambaye ni ba, don ni ƙanwa ce.

A cikin wannan fushi na tuna wani ɗan bidiyo da na taɓa gani a waya, na fitilar da nauyi ke kunnawa. Ana rataya jaka mai nauyi a sama, tana saukowa a hankali tana juya ɗan inji, injin yana ba da wuta. Bayan an tashi daga makaranta na tsaya a gaban allo na yi lissafin ni kaɗai. Kilo goma sha biyu, a ɗaga shi mita biyu, ka ajiye ƙarfin da ya kai jul ɗari biyu da arba'in ke nan. Ka raba wannan a kan minti goma sha biyar, abin da za ka samu wajen kwatan wat ne kawai, rabinsa kuma kaca da bel da gogayyar ƙarfe za su lashe. Ƙwan lantarkin da muka taso da shi, mai wat sittin, in da haka za a kunna shi sai an rataya garken shanu a rufin ɗaki. Amma ƙananan ƙwayayen nan farare na cikin tocilan ba su da haɗama. Guda uku za su haska shafi ɗaya na littafi. Shafi ɗaya kuwa shi ne duk abin da Baba ke nema.

Na kai zanen wurin wani mai walda a bakin kasuwa, Bakabe ne, yana kuma gyaran keke. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malama, wanga abu hwitila ce ko injin niƙa?"

Na ce fitila ce.

"To ina mai? Ina batir?"

Na ce babu, buhu ne zai kunna ta. Ya yi dariya har ya kira maƙwabcinsa mai faci ya zo ya ji. Na bar su suka gama, sannan na tambaye shi ko aikin ya fi ƙarfinsa ne in nemi wani. Nan take dariyar ta tsaya. Mako uku muka yi muna yi muna warwarewa. Ƙafar tsohon keke, kaca biyu, firiwil, bel ɗin keken ɗinki, da ɗan injin da ke juya kaset a cikin wata rediyo da ta mutu. Ya ƙera mata tsayayyen ƙarfe wanda ya kusa taɓa rufi, muka kafe shi a bangon ɗakin Baba, daidai inda hayaƙi ya yi baƙi. Kyau dai ba ta da shi, in tana aiki kuma tana wani ƙara kamar gyare.

Saura nauyi. Ni duwatsu na tanada, na ma tara su a ƙofar gida. Baba ya fito ya dube su ya ce ba a ɗakinsa ba.

"Ɗiyata, tun ina yaro nike hidda duwatsu daga gona. Yanzu da tsuhwana ki kawo mini su bisa kai?"

Ya shiga rumbu ya fito da wani buhu ƙarami. Irin dawarsa ne, jar dawa ta gonar kan tudu da ya gada daga ubansa, gonar da shekara biyu ke nan ba mai iya zuwa saboda 'yan bindiga. A wurinmu iri ba ya zama a ƙasa, rataye shi ake yi a sama, nesa da ɓera da danshi. A ganin Baba in dai akwai abin da ya cancanci rataya a ɗaki, to iri ne. Na aro sikelin ɗakin gwajin makaranta na auna, muka ƙara muka rage har ya tsaya a kilo goma sha biyu cif. Ya ɗaure bakin buhun da hannunsa.

Ranar da muka gwada, bayan faɗuwar rana kaɗan, ya rungumi buhun ya ɗaga shi sama da kansa, firiwil ya yi ƙaras-ƙaras ya naɗe igiya, ya saki. Ƙafar keke ta fara juyawa kamar ba ta so, sai ga ƙwayayen nan uku sun yi fari. Ya buɗe littafi ya kai shi ƙarƙashinsu, ya karanta layi biyu, ya ɗago.

"Daga ina wutar ta hito?"

Na ce daga tuwon da ya ci. Tuwo ya ba kafaɗarsa ƙarfi, kafaɗa ta ba buhu, buhu yana mayarwa a hankali. Banza ba ta kai zomo kasuwa, duk minti goma sha biyar sai ya tashi ya sake ɗagawa. Na zaci wannan zai ɓata masa rai. Ashe shi ne abin da ya fi yi masa daɗi a cikin al'amarin duka. Fitila ce da ba ya roƙon kowa a kanta. Daga ranar ya kafa doka, buhun nan aikinsa ne, ba mai taɓa masa, har ni.

Yayana ya zo Ista da shirin tafiya da shi, har ya yi wa direba magana. Ya shiga ɗaki ya ga ƙafar keke a bango, ya zagaya ta, ya ce, "Malama, wannan ne digirin?" Ya kunna tocilan ɗin wayarsa kusa da ƙwayayena don in ga bambanci, kamar ban sani ba. Sannan ya juya ga Baba ya fara lallashi, ya kawo asibiti, ya kawo jikoki, ya kawo tsaro. Baba ya bar shi ya gama.

"Ba ni zuwa. Mutumin da ka kunna wutar ɗakinai da hannunai bai kai a ɗauke shi kamar kaya ba."

Yayana ya kama buhun ya jijjiga shi ya ji nauyinsa. Soja ne, ya san ba a cin tsohon soja da gardama, sai da sharaɗi.

"To Baba, mu yi magana ta maza. Muddin kana ɗaga buhun nan da kanka, na bar ka. Ranar da ya fi ƙarfinka, za ka bi ni, ba musu."

Baba ya miƙa masa hannu suka tafa. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon tuwo, ba wanda ya dube ni. Yayana ya ce zai dawo Kirsimeti ya gani da idonsa.

Da ruwan farko ya sauka, fitila ta fara canjawa. Hasken ya ɗan ja baya, kaɗan ne, sai wanda ya san ta zai lura. Bayan 'yan makonni ya ƙara ja. Buhun ya koma saukowa da nawa, wani lokaci ya tsaya cak a tsakiyar hanya sai Baba ya ɗan taɓa ƙafar keken da yatsa. Na ce danshin damina ne, na zuba wa kaca mai. Na canja ƙwayaye. Na canja bel. Na ciro ɗan injin na kai wa mai walda na ce ya sayar mini da mataccen abu, muka yi cacar baki a gaban mutane har mai faci ya shiga tsakani.

"Malama, injin ga lahiya tai lau. Ki koma ki duba can gida, ruwa ba ya tsami banza."

Na tafi ina huci. Ni da nake gaya wa ɗalibai kullum cewa kafin ka zargi na'ura ka auna abin da ka sa mata, wata biyu na yi ina zargin kaca da bel da bawan Allah, ban auna buhu ba. Dokar Baba ta hana ni taɓa shi, ni kuma ban ko kawo shi a raina ba, don buhu a ɗaure yake, kuma yana nan da kumburinsa.

Wata Asabar da rana a cikin Agusta na zo Baba yana taron maza a coci. Ina shara, buhun yana ƙasa ya tare mini hanya, na sa hannu biyu na yunƙura da ƙarfin da kilo goma sha biyu ke bukata. Saura kaɗan in faɗi da baya. Na kwance bakin. Dawa tana ƙasa, samanta an cika da ƙaiƙayi. Na hau babur na koma makaranta na roƙi maigadi ya buɗe mini, na ɗauko sikeli. Kilo bakwai.

Na zauna a kan gadonsa da sikelin a cinya har ya dawo. Ya shigo yana ɗan waƙar coci, ya ga buhu a buɗe, waƙar ta tsaya.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Baba, ina kilo biyar?"

Ya zauna a kujera ya cire hula. Ya ce mutanen da suka gudo daga wajen Bena, waɗanda aka ba aron gonaki a bayan unguwa, sun baro rumbunansu, ba su da iri. Mata suna zuwa da ƙwarya, shi kuma ba zai kwana da iri rataye a kansa ba alhali ƙasa ta jiƙe ana nema. Wannan gaskiya ce, daga baya na ga gonakin da idona. Amma na san mahaifina. In don kyauta ce kawai, da ya gaya mini in cika buhun da dawar kasuwa. Da bai cusa ƙaiƙayi ya ɗaure ba.

Na ce, "To ɗaga mini shi yanzu in gani."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya tashi ya rungumi buhun, kilo bakwai ɗin nan, ya kai shi gwiwa, ya huta, ya kai shi ƙirji. Daga ƙirji zuwa sama kafaɗar dama ta ƙi. Ya yi ɗage, ya tura da goshi, har firiwil ya kama. Da ya saki sai ya dafa bango yana numfashi, tarin ya taso. Na kawar da kai don kada ya ga fuskata. Tsoro ne ya kama ni, da haushin kaina, da tausayin da na san in ya gani ba zai yafe mini ba.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, a hankali, "Za ki gaya mishi?"

Na ɗauki sikelina na fita. A kan babur ina ta juya maganar. Alkawari ne ya ɗauka da hannunsa, kuma Baba bai taɓa karya alkawari ba, in yayana ya zo ya ga haka, da kansa zai haɗa akwatinsa ya bi shi ya je ya mutu a hawa na biyu. In kuma na rufe bakina na bar ƙaiƙayi, yayana zai kama buhun ya jijjiga kamar yadda ya yi a Ista, ya gane, a ƙara wa tsoho kunya a kan rashin ƙarfi. Ƙarya ba za ta yi ba. Ina wucewa ta bakin wata rijiya na ga mata biyu suna jan guga ta kan gargare, 'yar ƙafar ƙarfen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kanta, sai na ji kamar an mare ni. Darasin aji ɗaya ne, na koyar da shi ya fi sau talatin.

Aiki a fiziks ƙarfi ne a ninka da tazara. Kilo goma sha biyu zuwa mita biyu aiki ɗaya ne, ko ka ɗaga shi gaba ɗaya, ko ka ratsa igiya ta gargare huɗu ka ja nauyin kilo uku har tsawon mita takwas. Ba a rage maka komai daga aikin, har ma gogayya takan ɗan ƙara maka. An dai shimfiɗa maka shi ne yadda hannunka zai iya.

Washegari bayan coci na je wurin mai walda. Na fara da ba shi haƙuri a gaban mai faci, tun da a gabansa na ci masa fuska. Ya ce ba komai, amma sai da ya sa na maimaita. Ya ƙera mini gargare huɗu ƙanana daga cibiyar ƙafafun keke, biyu a sama biyu a jikin ƙugiyar buhu, na sayo igiya mai laushi wadda ba ta cin tafin hannu. Na zubar da ƙaiƙayin. Kilo biyar ɗin da suka ɓace na cika su da ƙasar gindin mangwaro a cikin wata jaka daban, don Baba ya ce dutse dai har yanzu a'a, kuma ba a gauraya masa iri da dawar kasuwa.

Da farko ya ƙi kama igiyar. Ya ce wannan wayo ne, shi da yaron nan magana suka yi ta maza. Nan na fusata sosai. Na ce masa ni ba namiji ba ce, ba a kuma sa ni a maganar ba, amma lissafi ba ya jin tsoron kaki. Na ɗauko gawayi na rubuta masa a ƙasan ɗaki, goma sha biyu sau biyu, uku sau takwas, na ce ya duba ko akwai wanda ya fi wani. Na ce duk ɗigon hasken da zai fito daga hannunsa zai fito, ba na wani ba. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya tambaye ni, igiyar ta fi tsawo, aikin kuwa ɗaya? Na ce ɗaya.

"Ashe golmo ne," in ji shi.

Golmo al'adarmu ce ta dā, saurayi ya yi shekaru yana noma a gonar iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Baba shekara bakwai ya yi saboda mahaifiyarmu, tun kafin soja, tun kafin coci. Ya tofa yawu a tafin hannu ya kama igiyar. Hannu bayan hannu, igiya tana taruwa a gabansa, buhu yana hawa kamar ba ya motsi, har ya kai. Ya saki. Ƙwayayen suka yi fari tas irin na ranar farko.

Da kaka ta yi, matan nan suka fara dawowa da ƙwaryarsu. Wanda aka ba iri ba ya mayar da daidai abin da ya karɓa, sai ya ɗora. Baba ya zubar da ƙasar mangwaro ya mayar da jar dawarsa, ya ƙi tsayawa a inda na ce. Da na auna, kilo goma sha biyar. Na ce ya yi yawa, ƙarfen zai gaji. Ya ce ƙarfen ya yi haƙuri.

Yayana ya iso ana jibi Kirsimeti, da la'asar. Bai ko sha ruwa ba ya shiga ɗakin. Ya kama buhun ya jijjiga, na ga girarsa ta ɗaga, don ya fi yadda ya bar shi. Sai idonsa ya kai kan gargaren da tulin igiya.

"Wannan fa?"

Na ce gargare ne.

"Malama, wannan zamba ce. Ba haka muka yi ba."

Na riga na shirya. Na ce masa ya nuna mini hannun wani a jikin igiyar in ba na Baba ba. Na ce a barikinsu in za su ɗaga injin mota, da ƙirji suke rungumarsa, ko kuwa duk sojojin da ke jan sarƙa 'yan zamba ne? Na ce shekara nawa ina kai tuwo gidan nan, an yi sharaɗi a kan ubana ina tsaye kamar turmi, to yau turmi ya yi magana. Ban tsaya ba sai da na ƙare. Ya buɗe baki zai amsa, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Zauna ka gani."

Ya zauna a bakin gado. Baba ya tofa yawu a hannu ya fara ja. Ba a taɓa jin ɗakin ya yi tsit haka ba, sai kukan gargare da numfashin tsoho. A tsakiya ya tsaya ya yi tari, ya riƙe igiyar da hannu ɗaya, yayana ya yunƙura zai tashi, na harare shi ya koma. Baba ya ci gaba. Da buhun ya kai sama ya saki, ƙafar keke ta juya, haske ya sauka a kan tabarma ko da yake rana ba ta gama faɗuwa ba.

"Gonar kakanka na wajen uwa," in ji Baba, "ba rana guda na nome ta ba. Shekara bakwai na yi. Ba wanda ya ce uwarka zamba na yi na samo ta."

Yayana ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Bai ce na yi gaskiya ba, har yau bai faɗa ba, ba na kuma jira. Ya dai tambaya ko akwai sauran tuwo. Bayan sabuwar shekara ya koma Kudu shi kaɗai, ya bar wa Baba sabuwar fitilar sola, wadda take nan a kan akwati, muna kunna ta in an yi baƙi.

Damina biyu ke nan da wannan. Bara kafaɗar hagu ma ta fara, na koma wurin mai walda muka ƙara gargare biyu, igiya ta zama mita goma sha biyu. Yanzu jan yakan ɗauke shi kusan minti biyu, ya karanta na goma sha biyar, ya sake tashi. Na san iyakar abin, ni nake koyar da shi. Kowane gargare yana cin nasa rabo, akwai ranar da ƙari ba zai ƙara komai ba, ranar da hannun ba zai iya ko riƙe igiyar ba. Ba na bukatar kowa ya tuna mini.

Makon jiya yayana ya kira. Bayan gaisuwa ya ce, "To in wannan ma ta fi ƙarfinsa fa?"

Ina tsakar gidan a lokacin, ina jin kukan gargare daga ɗaki, da muryar Baba yana neman inda ya tsaya jiya. Na ce, "Yaya, igiya ba ta ƙare a kasuwar Zuru ba."